SAYYIDINA HAMZA, SHUGABAN SHAHIDAI, DA MAƘABARTAR UHUDU

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, duk wanda Allah Ya nufa da zuwa Madina, ko lokacin aikin Hajji ko na Umra, da wuya ya baro garin ba a kai shi gindin Dutsen Uhudu ba. Dutse ne dogo mai launin ja a arewacin gari, tsakaninsa da Masallacin Annabi (S.A.W.) kamar mil uku ne, watau wajen kilomita 5. A gabansa akwai wani fili da aka kewaye, ba gini a cikinsa, sai ƙasa da 'yan duwatsun da aka jera don alama. Nan ne maƙabartar shahidan Uhudu, inda mafi yawan sahabbai 70 da suka yi shahada a yaƙin suke kwance tun shekara ta 3 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 625 ta Miladiyya. Alhazanmu sukan sauka daga mota su tsaya su yi sallama, su hau ɗan tudun da ke kusa, su sayi dabino, sa'an nan a kira su su koma. Da yawa sukan taho da sunan mutum guda a kunnensu, watau Sayyidina Hamza, ba tare da sun san ko wane ne shi ba, balle abin da ya kawo shi wurin. Saboda haka a filinmu na wannan mako za mu kawo tarihin wannan bawan Allah, domin wanda ya riga ya je ya san a gaban wa ya tsaya, wanda bai je ba kuma ya tafi da guzurinsa.

ASALINSA DA TASOWARSA

Shi ne Hamza ɗan Abdulmuɗɗalibi ɗan Hashimu, Baƙuraishe, baffan Manzon Allah (S.A.W.), gama shi da Abdullahi mahaifin Annabi ubansu ɗaya. Mahaifiyarsa ita ce Halatu 'yar Wuhaibu daga gidan Banu Zuhra, ita da Nana Amina mahaifiyar Annabi kuwa 'ya'yan wa da ƙane ne. Ban da wannan akwai zumuncin nono, domin Suwaiba, baiwar Abu Lahabi, ta shayar da Hamza, daga baya kuma ta shayar da Annabi. Wasu malamai sun ce ya girmi Annabi da shekara biyu, wasu suka ce huɗu, saboda haka ko da yake baffa ne, tare suka tashi kamar wa da ƙane. Da Annabi ya tashi auren Nana Hadiza, Hamza yana cikin waɗanda suka je neman auren. Yana da shaƙiƙiya mai suna Safiyya, mahaifiyar Zubairu ɗan Awwamu, wadda za mu sake haɗuwa da ita a ƙarshen labarin nan.

Hamza ya tashi ƙaƙƙarfan mutum, gwanin harbi, mai son farauta, wanda duk Makka ake shakkarsa. Al'adarsa ce in ya dawo daga daji ba ya shiga gida sai ya yi ɗawafi a Ka'aba, sa'an nan ya bi majalisun Ƙuraishawa yana gaisawa da su. A shekarun farko na kiran Musulunci bai bi ɗan'uwansa Abu Lahabi wajen gaba da Annabi ba, amma kuma bai karɓi addinin ba, yana nan kan harkokinsa.

MUSULUNTARSA

A shekara ta 6 bayan aiko Annabi, bisa ga zancen mafi yawan masu tarihi, wata rana Abu Jahil ya tarar da Manzon Allah (S.A.W.) kusa da dutsen Safa, ya zage shi, ya aibata addininsa, bai bar wata muguwar magana ba sai da ya faɗa masa. Annabi bai tanka masa ba. Ashe wata baiwar Abdullahi ɗan Jud'anu tana daga ɗakinta tana jin duk abin da ake ciki. Ba a jima ba sai ga Hamza ya dawo daga farauta, bakansa a rataye, matar nan ta tare shi ta kwashe labari duka ta gaya masa. Zuciya ta ɗebe shi, bai tsaya gaisawa da kowa ba yadda ya saba, ya wuce Ɗakin Ka'aba ya iske Abu Jahil zaune cikin mutanensa, ya ɗaga bakan nan ya rotsa masa kai. Sa'an nan ya shaida masa a gaban kowa cewa shi ma yana kan addinin ɗan ɗan'uwansa, in yana da abin yi to ya rama. Mutanen Banu Mahzum suka yunƙura za su taimaki nasu, sai Abu Jahil da kansa ya hana su, ya amsa cewa lalle ya yi wa Muhammadu mummunan zagi.

To, wannan magana cikin fushi Hamza ya faɗe ta, kishin jini ne ya fitar da ita. Da ya koma gida zuciya ta huce, sai tunani ya taso masa, ga shi babba cikin Ƙuraishawa ya bar addinin iyaye da kakanni a bainar jama'a. An ruwaito cewa ya kwana bai runtsa ba, yana roƙon Allah in wannan hanya gaskiya ce Ya tabbatar da ita a zuciyarsa, in kuwa ba ita ba ce Ya ba shi mafita. Da gari ya waye ya tafi wurin Annabi ya bayyana masa halin da yake ciki. Annabi ya yi masa wa'azi, ya tsoratar da shi, ya kuma yi masa bushara, Allah Ya sanya masa yaƙini. Daga ran nan har ya koma ga Ubangijinsa bai sake waiwaye ba.

Ƙuraishawa suka gane cewa Annabi ya sami garkuwa, suka rage wani abu daga cutar da suke yi masa. Kwana uku bayan haka, bisa ga wata ruwaya, Umaru ɗan Haɗɗabi ya zo gidan Arƙamu inda Musulmi suke ɓuya, takobinsa a rataye, ya ƙwanƙwasa ƙofa. Waɗanda ke ciki suka tsorata, amma Hamza ya ce a buɗe masa, in alheri ya zo nema a ba shi, in kuwa sharri ne to da takobin nasa za a kashe shi. Ashe musulunta ya zo yi. Bayan shigowar waɗannan gwarazan biyu ne Musulmi suka fara samun sararin yin salla a fili a Ka'aba. Da Ƙuraishawa suka ƙaurace wa Banu Hashimu, suka tsare su a kwarin Abu Ɗalibi wajen shekara uku, ba ciniki ba auratayya, Hamza ya sha wuyar da danginsa suka sha.

TUTA TA FARKO DA YAƘIN BADAR

Hamza ya yi hijira zuwa Madina. A cikin 'yan'uwantakar da Annabi (S.A.W.) ya ƙulla tsakanin sahabbai, an haɗa shi da Zaidu ɗan Harisa, watau ɗan shugaban Makka da 'yantaccen bawa suka zama 'yan'uwa, kuma wannan zumunci ya riƙu har ga Zaidu Hamza ya bar wasiyyarsa ranar Uhudu.

A watan Azumi na shekara ta 1, wata bakwai bayan Hijira, Annabi ya ɗaura masa tuta, ya tura shi da Muhajirai 30 zuwa gaɓar Bahar Maliya don su tare ayarin Ƙuraishawa mai dawowa daga Sham. Suka yi kiciɓis da Abu Jahil da mahaya 300, aka ja daga, sai wani mai suna Majdi ɗan Amru daga ƙabilar Juhaina, wanda ke da amana da ɓangarorin biyu, ya shiga tsakani aka rabu ba a zub da jini ba. Masu tarihi da yawa sun tafi a kan cewa wannan ita ce tuta ta farko da aka ɗaura a Musulunci.

Ranar 17 ga watan Azumi, shekara ta 2, watau 624 ta Miladiyya, aka gwabza a Badar. Musulmi 313 ne ko kusa da haka, Ƙuraishawa kuwa sun kusa 1,000. Tun kafin a haɗu wani Aswadu ɗan Abdul'asadi ya rantse sai ya sha daga kwamin ruwan Musulmi, ko ya rushe shi, ko ya mutu a kansa. Hamza ya tare shi ya sare masa ƙafa, ya ƙarasa shi a bakin kwamin. Sa'an nan Utba ɗan Rabi'a ya fito tare da ɗan'uwansa Shaiba da ɗansa Walidu suna neman fito-na-fito. Samari uku na Ansaru suka tare su, suka ƙi, suka ce tsararsu suke so daga cikin danginsu. Annabi ya kira Hamza da Aliyu da Ubaida ɗan Harisu. Hamza ya kashe Shaiba, Aliyu ya kashe Walidu, Ubaida da Utba suka sari juna, sai Hamza da Aliyu suka juyo suka ƙarasa Utba, suka ɗauko Ubaida wanda ya cika a hanyar komawa Madina. Ran nan Hamza ya sanya gashin jimina a ƙirjinsa don a gane shi. Har Umayya ɗan Halafu, bayan an kama shi, ya tambayi Abdurrahman ɗan Aufu ko wane ne mai gashin jiminar nan, da aka gaya masa sai ya shaida cewa shi ne ya yi musu ɓarna mafi girma.

Ƙuraishawa sun rasa mutum kamar 70 a Badar. A cikin gidajen da aka yi wa rashi akwai biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe. Hindu, matar Abu Sufyanu, ta rasa ubanta Utba da baffanta Shaiba da ɗan'uwanta Walidu. Jubairu ɗan Muɗ'imu kuma ya rasa baffansa Ɗu'aima, a hannun Hamza.

RANAR UHUDU

Bayan shekara guda Ƙuraishawa suka fito ɗaukar fansa da mayaƙa 3,000 da dawakai 200, Abu Sufyanu ne shugabansu, har da mata masu kiɗa da zuga. Jubairu yana da wani bawa Bahabashe mai suna Wahshi, gwanin jifa da mashi, wanda da wuya ya jefa ya kuskure. Ya yi masa alkawarin 'yanci in ya kashe Hamza a madadin baffansa.

Annabi (S.A.W.) ya shawarci sahabbai. Shi ra'ayinsa a tsaya cikin gari a kare shi, amma masu son a fita suka rinjaya, kuma Hamza yana cikinsu. Aka fita da mutum 1,000, a hanya Abdullahi ɗan Ubayyu, shugaban munafukai, ya janye da 300, saura 700. Ranar Asabar cikin watan Shawwal aka ja daga. Annabi ya sa Dutsen Uhudu a bayan rundunarsa, ya ɗora maharba 50 a kan wani ɗan tudu a ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, ya yi musu umarni mai ƙarfi cewa kada su bar wurin, ko an ci nasara ko ba a ci ba, sai ya aiko musu. Wannan tudu shi ne wanda alhazai suke hawa a yau.

Da aka haɗu, Musulmi suka yi rinjaye, masu riƙon tutar Ƙuraishawa suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Hamza ya kutsa tsakiyar maƙiya, an ruwaito cewa da takubba biyu yake yaƙi, ba mai iya tsayawa gabansa. Wahshi kuwa ba ruwansa da yaƙin, mutum ɗaya ya zo nema. Ya laɓe bayan wani dutse yana jira. Wani mai suna Siba'u ɗan Abdul'uzza ya fito yana neman abokin karawa, Hamza ya tare shi ya gama da shi da sara guda. A daidai wannan lokaci Wahshi ya girgiza mashinsa har ya gamsu da shi, ya sake shi, ya sami Hamza a ƙasan cibiya ya fita ta baya. Hamza ya yunƙura zai nufo shi, ƙarfi ya ƙare, ya faɗi. Wahshi ya jira har ya cika, ya zare mashinsa, ya koma sansani ya zauna, domin buƙatarsa ta biya. Hamza ya yi shahada yana da shekara kusan 60.

Duk da wannan rashi, nasara tana hannun Musulmi, har Ƙuraishawa suka juya da gudu suka bar kayansu. Nan ne aka sami kuskuren da ya juya ranar. Maharban da ke kan tudu suka hango ana tattara ganima, suka ga kamar yaƙi ya ƙare, mafi yawansu suka sauko. Shugabansu ya tuna musu umarnin Annabi ba su saurara ba, ya rage shi da mutum kamar goma. Halidu ɗan Walidu, wanda a lokacin bai musulunta ba kuma yana jan mahayan Ƙuraishawa, ya ga wurin ya buɗe, ya kewayo ya kashe waɗanda suka rage, ya afka wa Musulmi ta baya. Sahu ya watse. Aka kashe Mus'abu ɗan Umairu mai riƙe da tuta, aka yi shelar ƙarya cewa an kashe Annabi, shi kansa Manzon Allah aka ji masa rauni a fuska, aka karya masa haƙori. Kafin rana ta ƙare Musulmi 70 sun yi shahada, mafi yawansu Ansaru.

Bayan an daina faɗa, wasu daga cikin Ƙuraishawa suka bi gawarwaki suna yanke hanci da kunne. Littattafan Sira sun ruwaito cewa an farke cikin Hamza, Hindu ta ɗauki hantarsa ta tauna, ta kasa haɗiyewa ta tofar.

YADDA AKA BINNE SU

Da maƙiya suka tafi, Annabi (S.A.W.) ya fita neman baffansa, ya same shi a cikin kwari a wannan hali. Sahabbai ba su taɓa ganin baƙin ciki a fuskarsa irin na ran nan ba. An ruwaito cewa ya yi nufin in Allah Ya ba shi nasara a kan Ƙuraishawa zai yi wa mutane da yawa daga cikinsu irin abin da suka yi, sai aka saukar da ayoyin ƙarshe na Suratun Nahli, waɗanda suka iyakance ramuwa daidai da abin da aka yi wa mutum, suka kuma nuna cewa haƙuri ya fi. Annabi ya zaɓi haƙuri, ya hana wulaƙanta gawar abokin gaba, kuma wannan hani ya zama doka a kan rundunonin Musulmi bayansa.

Ana cikin haka sai ga Safiyya ta taho da sauri don ta ga ɗan'uwanta. Annabi ya umarci ɗanta Zubairu ya mayar da ita don kada ta ga abin da aka yi. Ta shaida masa cewa ta riga ta ji, kuma tun da a kan tafarkin Allah ne ta yarda, za ta yi haƙuri ta nemi lada. Aka bar ta, ta tsaya a kansa ta mayar da al'amari ga Allah, ta nema masa gafara. Ta zo da tufa biyu don a yi masa likkafani, amma a gefensa akwai wani Ba'ansare shi ma an ɓata gawarsa, ba shi da abin rufi. Sahabbai suka ji kunyar a sa wa Hamza biyu a bar wannan haka, suka raba, kowa ɗaya, da yake ɗayan ya fi girma sai suka yi ƙuri'a a kai. Mus'abu kuwa, wanda a Makka ba saurayin da ya kai shi ado, mayafinsa bai isa ya rufe shi ba, in an rufe kai ƙafafu su fito, sai aka rufe kan, aka sa ciyawar izhir a ƙafafun.

Wasu sun riga sun ɗauki mamatansu zuwa gari, Annabi ya yi umarni a mayar da su a binne su inda suka faɗi. Ba a yi musu wanka ba, da jininsu da tufafinsu aka sa su, mutum biyu ko uku a kabari guda, wanda ya fi haddar Alƙur'ani shi ake fara sawa a lahadu. Daga nan ne Imamu Malik ya ɗauki hukuncin da almajiranmu suke karantawa a Risala, cewa shahidin fagen fama ba a yi masa wanka, ba a yi masa salla, da tufafinsa ake binne shi. An sa Hamza a kabari guda da ɗan 'yar'uwarsa, Abdullahi ɗan Jahshi.

Da Annabi ya shigo Madina ya ji matan Ansaru suna kukan mamatansu, sai idanunsa suka cika da hawaye, ya ambata cewa Hamza shi ba shi da masu yi masa kuka, gama baƙo ne a garin. Da Sa'adu ɗan Mu'azu da Usaidu ɗan Hudairu suka ji haka, suka turo matansu ƙofar Annabi su yi kukan baffansa. Ya fito ya yi musu addu'a, ya sallame su, kuma ya hana kururuwa a kan mamaci.

MARAINIYARSA DA MAI KASHE SHI

Hamza ya bar 'ya'ya maza, Umara da Ya'ala, amma zuriyarsa ba ta ɗore ba. Ya kuma bar 'ya mace a Makka. A shekara ta 7, da Annabi ya gama Umrar ramuwa zai fita, yarinyar ta biyo shi tana kiransa. Aliyu da Ja'afaru da Zaidu suka yi jayayya, kowa yana so shi zai riƙe ta. Aliyu da Ja'afaru 'yar baffansu ce, Zaidu kuwa 'yar ɗan'uwansa ce ta wajen 'yan'uwantakar nan da aka ƙulla. Annabi ya ba Ja'afaru ita, saboda matarsa Asma'u 'yar Umaisu 'yar'uwar mahaifiyar yarinyar ce, ya bayyana cewa 'yar'uwar uwa tana matsayin uwa. Mai karatu ya dubi wannan da kyau: manyan mutane uku suna rigima a kan wa zai ɗauki nauyin marainiyar wanda ya faɗi a fagen fama.

Wahshi ya sami 'yancinsa. Da aka ci Makka a shekara ta 8 ya gudu Ɗa'ifa, daga baya ya zo Madina ya musulunta. Annabi ya sa shi ya ba da labarin yadda ya kashe Hamza, ya karɓi musuluncinsa, sai dai ya nemi ya riƙa kau da fuskarsa daga gare shi, domin ganinsa yana tayar masa da ciwon. A zamanin Halifa Abubakar, Wahshi ya fita yaƙin Yamama da mashin nan nasa, ya jefi Musailama mai da'awar annabcin ƙarya, yana fatan wannan ya zama kaffarar wancan. Ya ƙare rayuwarsa a Himsa ta ƙasar Sham, kuma daga bakinsa ne Buhari ya kawo labarin shahadar Hamza. Hindu da mijinta Abu Sufyanu su ma sun musulunta a shekarar cin Makka, Halidu kuwa ya riga su, har ya zama Takobin Allah. Da an yi ramuwar gayya bayan Uhudu, da wataƙila ba a sami waɗannan ba.

ZIYARAR SHAHIDAN UHUDU

Da farko an hana Musulmi ziyarar kaburbura, daga baya Annabi (S.A.W.) ya yi izini, ya ba da dalili cewa tana tuna wa mutum lahira. Shi kansa bai manta da mutanen Uhudu ba. Masu tarihin Madina sun ruwaito cewa yakan je musu kowace shekara ya yi musu sallama, kuma Abubakar da Umaru da Usmanu sun bi wannan sunna bayansa. An ruwaito kuma cewa Nana Faɗima takan ziyarci kabarin Hamza. Annabi ya kira shi Zakin Allah, ya kira shi Shugaban Shahidai, ya kuma shaida cewa Uhudu dutse ne da yake son Musulmi su ma suke son sa. A kan mutanen wannan maƙabarta ne aka saukar da ayoyin Suratu Ali Imrana masu hana a ɗauki waɗanda aka kashe a tafarkin Allah matattu. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa shekara 46 bayan yaƙin ambaliya ta tone kabarin Amru ɗan Jamuhu da Abdullahi ɗan Amru, aka same su ba su sauya ba, kamar jiya suka rasu.

Ziyarar da ta fi cancanta mu tsaya a kanta ita ce ta ƙarshe. Uƙba ɗan Amiru ya ruwaito, kamar yadda ya zo a Buhari, cewa shekara 8 bayan Uhudu, ana dab da wafatinsa, Annabi ya yi wa shahidan addu'a kamar mai ban kwana da rayayyu da matattu. Sa'an nan ya hau mumbari ya shaida wa sahabbai cewa zai riga su zuwa bakin Tafki, kuma abin da yake jin tsoro a kansu shi ne duniya, kada su yi ta rige-rige a kanta. Ai kuwa abin da ya faru a kan tudun maharba ke nan. Mutanen kirki ne, sahabbai ne, Allah Ya kuma yafe musu kamar yadda Ya ambata a Alƙur'ani, amma barin wurin tsaro na ɗan lokaci saboda ganima ya jawo abin da ya jawo. Duk wanda aka ba amanar wani wuri, ko ofis ne, ko kasuwa, ko aji, ko gida, yana da nasa tudun da aka ce kada ya bari.

Sahabbai sun riƙe wannan darasi. Wata rana aka kawo wa Abdurrahman ɗan Aufu abincin buɗa baki, bayan Allah Ya buɗa masa dukiya mai yawa. Sai ya tuna da Mus'abu da gajeren likkafaninsa, ya tuna da Hamza, ya ce dukansu sun fi shi, yana tsoron kada a ce an gaggauta masa ladansa tun a duniya. Ya yi ta kuka har ya bar abincin.

A zamanin Abbasiyawa an gina ƙubba a kan kabarin Hamza, aka rushe ta cikin shekarun 1920 bayan Madina ta shiga hannun Sarki Abdul'aziz. Yanzu kaburburan a fili suke, kusa da su kuma akwai babban masallaci mai sunan Shugaban Shahidai. Wanda ya je, ya tsaya da natsuwa, ya yi musu sallama, ya ambaci Hamza da Mus'abu da Abdullahi ɗan Jahshi da sauran 'yan'uwansu, ya roƙa musu yardar Allah, ya roƙa wa kansa kyakkyawan ƙarshe. Ba a ɗaga murya, ba a ɗibar ƙasa a taho da ita gida. In ya hau tudun maharba, kafin ya tsaya ɗaukar hoto ya tuna cewa a nan aka kashe Abdullahi ɗan Jubairu da 'yan mutanen da suka ƙi barin wurinsu.

In kuma ya dawo gida, to ya duba unguwarsu. A ƙasashenmu ma akwai sojoji da sauran masu tsaro da suka rasa rayukansu wajen kare jama'a, sun bar zawarawa da marayu. Addu'a haƙƙinsu ce a kanmu, haka nan kuma kula da waɗanda suka bari, kamar yadda Aliyu da Ja'afaru da Zaidu suka nuna a kan 'yar Hamza.

Allah Ya ƙara yarda da Sayyidina Hamza da dukan shahidan Uhudu, Ya jiƙan magabatanmu, Ya kai wanda bai je ba, Ya karɓa wa wanda ya je, Ya sa mu cika da imani, amin.